Gwajin Suga Iri Huɗu Ne, Wanne Ya Kamata Ka Biya Kuɗinsa?

A ɗauki jinin mutum ɗaya, a safiya ɗaya, a auna shi a wuri uku. Na'urar mai kemis a Kano za ta nuna 126. Takardar ɗakin gwaje-gwaje na babban asibiti za ta fito da 7.0. In kuwa Maraɗi ko Damagaram aka kai jinin, 1,26 za a rubuta masa. Duk ukun magana ɗaya suke yi, ma'aunin ne ya bambanta. Yawancin na'urorin hannu da ake sayarwa a Nijeriya da mg/dL suke lissafi, manyan asibitocin Nijeriya da na Gana sun fi rubuta mmol/L, Nijar da Cadi da Kamaru kuma sun gaji g/L daga Faransa. In kana son mayar da mg/dL zuwa mmol/L, raba lambar da 18. In g/L ce a hannunka, ninka ta sau 100 ka sami mg/dL.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya saba ganin 110 ko 130 a na'ura, in aka miƙa masa takarda mai 15, zai iya zaton suga ya faɗi ƙasa warwas, ya nemi lemon kwalba. Alhali 15 ɗin nan ta mmol/L ce, wato 270 ke nan. Don haka kafin ka dubi lamba, dubi 'yan haruffan da ke gefenta.

Bayan ma'auni sai tambaya ta biyu, wadda ta fi tsada: wane gwaji aka yi? Akwai na tsira yatsa a kowane lokaci, akwai na safe kafin karin kumallo, akwai HbA1c mai nuna matsakaicin sugan 'yan watannin baya, akwai kuma na shan ruwan gulukos, wato wani nau'in suga. Kowanne da abin da yake gani da abin da yake ɓace masa. Kuma jira alamomi su bayyana ba dabara ba ce. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, kuma kashi 54 cikin 100 ba su san suna da shi ba. Abin da mutanenmu suka fi dogara da shi, wato kiyashi ya taru a wurin fitsari, yana zuwa ne a makare, domin ƙoda ba ta fara zubar da suga cikin fitsari sai ya kai wajen 180 a jini. Mutum na iya shekaru yana yawo tsakanin 130 da 170 ba tare da kiyashi ya kula shi ba.

Na'urar kemis

Ita ce mafi araha, mafi sauri, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. An ƙera ta ne domin wanda ya riga ya san yana da ciwon ya riƙa bibiyar kansa, ba domin a yanke wa lafiyayye hukunci ba. Ƙa'idar ingancin da aka gindaya wa masu ƙera ta a 2013 ta yarda sakamako ya kauce da kashi 15 cikin 100 sama ko ƙasa, in sugan ya kai 100. Ma'ana, wanda ainihin sugansa 126 ne, na'ura mai kyau na iya nuna masa 107, tana kuma iya nuna 145, ba a ce ta lalace ba. Lamba ta farko za ta sallame shi da murna, ta biyu ta hana shi barci.

Wannan fa na'ura mai kyau ke nan. Tsinkayen da ake ɗiga wa jinin ba sa son zafi da laima, galibi kamfanoni na cewa kada a ajiye su inda zafi ya wuce digiri 30. To ka tuna shagon kwano a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai cikin watan Afrilu. Ga kwalbar da ake bari a buɗe, ga tsinken da wa'adinsa ya wuce. Sannan yatsa kansa: wanda ya ci mangwaro ko dabino ko ya sha rake bai wanke hannu ba, sugan da ke kan fatarsa zai shiga cikin ɗigon jinin, lambar ta yi tashin gwauron zabo. A wanke hannu da ruwa da sabulu, a bari ya bushe, sannan a tsira.

Duk da haka akwai inda take da rana. In mutum na fama da ƙishirwa da ba ta ƙarewa, yawan fitsari har da dare, rama ba dalili, ko gani na dishi-dishi, kuma na'ura ta nuna 200 ko fiye a kowane lokaci na yini, wannan ba abin jiran gobe ba ne. In ta rubuta HI, sugan ya wuce iyakar abin da take iya karantawa, 500 ko 600 gwargwadon irinta, asibiti kawai za a nufa. Yaro ko matashi da ke ramewa yana fitsarin kwance bayan ya daina, shi ma a tsira yatsarsa a ranar, domin irin ciwon da ke kama yara kan taɓarɓare cikin 'yan kwanaki.

Abin da ba ta iya yi shi ne wanke mutum. In ka sami 118 da ƙarfe uku na rana bayan ka ci abinci da sha biyu, ba ka san komai ba tukuna.

Gwajin safe kafin karin kumallo

Nan ana ɗibar jini daga jijiyar hannu, bayan mutum ya kwana aƙalla awa 8 bai ci komai ba. Ruwa zalla ba laifi, amma ban da shayi ko da ba suga, ban da goro, ban da taba. Abin da ake dubawa shi ne yadda jiki ke riƙe hanta cikin dare. Hanta ce ke sakin suga a jini lokacin da ba a cin abinci, insulin kuma shi ke ja mata linzami. In insulin ya gaza ko jiki ya daina jin maganarsa, sai a wayi gari sugan ya hau.

Ƙasa da 100, wato 5.6, lafiya lau. In ya kai 126, wato 7.0, ko ya wuce, kuma aka maimaita a wata ranar aka sake samun haka, ciwon suga ne. Wannan 126 ba daga sama ta faɗo ba. Da can 140 ce iyaka, sai ƙungiyar likitocin suga ta Amurka ta sauko da ita a 1997, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi baya a 1999. Dalilinsu, binciken da aka yi a Masar da Amurka, har da cikin ƙabilar Pima ta 'yan asalin Amurka, ya nuna cewa daga wajen nan ne lalacewar ƙananan jijiyoyin ido ke fara yawaita.

Tsakanin lafiya da ciwo kuwa akwai saɓani. Amurkawa tun 2003 suna cewa daga 100 zuwa 125 mutum ya shiga bakin gaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan 110 zuwa 125, wato 6.1 zuwa 6.9. Shi ya sa mai 104 zai iya jin likita ɗaya ya ce ba komai, wani ya ce a yi hattara, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. A ganina mai 104 da ke da tumbi kuma mahaifiyarsa na shan maganin suga, gara ya saurari na biyun.

Rauninsa biyu ne. Na ɗaya, hoton safiya guda ne. Zazzaɓi, rashin barci, ciwon da ya yi ruwa, duk suna ɗaga shi, haka ma magunguna irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke sha ba umarnin likita don su yi ƙiba. Kada a je wannan gwajin ana tsakiyar jinya. Na biyu yana hannun ɗakin gwajin. Ƙwayoyin jini na ci gaba da cin suga ko bayan an zuba jinin a kwalba, har yakan ragu da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a kowace awa in ba a tace shi ba. Akwai kwalba ta musamman mai murfi ruwan toka da ke rage wannan, amma mafi kyau shi ne a auna da wuri. Jinin da aka ɗiba da takwas aka ajiye ana jiran wuta har sha biyu, zai iya mayar da mai ciwo lafiyayye a kan takarda. Ba rashin kunya ba ne ka tambayi ma'aikacin lokacin da za a auna.

Wani abu da ke rikita mutane: azumin da ake nufi a nan na dare ne zuwa safiya. Wanda ya yi sahur da tuwo da kunu ya je da la'asar ya ce ai ya fi awa takwas, sakamakonsa ba zai zauna daidai kan waɗannan lambobin ba, domin an tsara su ne bisa jinin safe, sugan yamma kuma yakan fi na safe ƙasa.

HbA1c, da dalilin da ya sa bai dace da kowa a cikinmu ba

Suga na manne wa sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma in ya manne ba ya sauka sai ƙwayar ta mutu. Ƙwaya kan rayu kusan kwana 120. Don haka in aka auna kashi nawa ne na wannan sinadari ya ɗauki suga, an sami labarin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ko da yake watan ƙarshe ya fi nauyi a lissafin. Wani likita ɗan Iran, Samuel Rahbar, shi ya fara lura a 1968 cewa wannan kaso ya fi yawa a jinin masu ciwon suga. In gwajin safe jarrabawar rana ɗaya ce, HbA1c sakamakon zangon karatu ne gaba ɗaya: ƙoƙarin daren jarrabawa ba ya gyara shi.

Ƙasa da 5.7 cikin 100, lafiya. Daga 5.7 zuwa 6.4, bakin gaɓa a lissafin Amurkawa. Daga 6.5 zuwa sama, ciwon suga. Amurka ta karɓe shi a matsayin hanyar gano ciwon a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2011. In kana son fahimtarsa da lambobin na'ura, 6 na nufin matsakaicin suga wajen 126, 7 wajen 154, 8 kuma wajen 183. A lura da tarkon nan: 6.5 a takardar HbA1c ciwo ne, 6.5 a takardar gwajin safe ta mmol/L kuwa bakin gaɓa ne kawai.

Daɗinsa a bayyane yake. Ba a buƙatar kwana da yunwa, ana yi a kowane lokaci, har cikin watan azumi. Zazzaɓin jiya ko walimar shekaranjiya ba sa girgiza shi. Wannan ya sa wasu ke ɗaukarsa sarkin gwaje-gwaje, kuma da yake ya ninka gwajin safe kuɗi, mutane na zaton tsadar ce shaidar inganci.

Sai dai duk lissafinsa ya ginu ne a kan cewa ƙwayoyin jininka na cika kwana 120. A ƙasarmu kuwa abubuwan da ke rushe wannan zato sun yi yawa. Mai sikila, SS ko SC, ƙwayoyinsa na mutuwa da wuri, na mai SS kan yi kwana 10 zuwa 20 ne kacal, ba sa daɗewar da suga zai taru a kansu. Sakamakonsa zai fito ƙasa ko da sugansa na sama, don haka wannan gwajin ba nasa ba ne sam. Mai AS, wanda kusan mutum 1 ne cikin 4 a Nijeriya, lamarinsa ya fi sauƙi amma bai kuɓuta ba: wasu injinan na rikicewa da irin jininsa, wasu ba sa rikicewa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2017 ya gano cewa baƙaƙen fata masu AS na samun HbA1c ƙasa da na masu AA ko da sugansu ɗaya ne. Masu AC, waɗanda suka fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, su ma sai an san irin injin.

Ba a nan ya tsaya ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na farfasa ƙwayoyin jini, sakamako ya sauka. Zubar jini wajen haihuwa ko haɗari, da ƙarin jini da aka yi wa mutum kwanan nan, haka. Akwai kuma rashin wani sinadari da ake kira G6PD, wanda ake gadonsa kuma ya yawaita a mazan Afirka ta Yamma, galibinsu ba su ma sani ba, shi ma yana saukar da lambar. Ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe, wato ayon, wanda ya addabi mata da yawa, shi kuma ɗaga ta yake yi, har a ce wa mace tana bakin gaɓa alhali sugan lafiya lau. Ciwon ƙoda mai tsanani da juna biyu su ma suna karkata shi.

Kuskuren da ya fi haɗari a nan shi ne na saukarwa, domin mutum zai koma gida da takarda mai kyau ya manta da zancen. Shi ya sa nake ganin duk wanda bai san jinsin jininsa ba, AA ne ko AS, bai kamata ya dogara da HbA1c shi kaɗai ba. Yanzu da gwajin jinsin jini kafin aure ya zama ruwan dare, da yawa sun san nasu, sai dai ba sa tuna su faɗa wa likita, likitan ma ba kullum yake tambaya ba.

Shan ruwan gulukos

Shi ne mafi wahala kuma mafi tona asiri. Ana zuwa da safe ba a karya ba, a ɗebi jini, a ba mutum giram 75 na gulukos a cikin kofin ruwa ya shanye cikin minti biyar, ya zauna awa biyu ba yawo ba ci, a sake ɗiba. Zaƙin na tayar wa wasu da zuciya. Bayan awa biyun, ƙasa da 140, wato 7.8, lafiya. Daga 140 zuwa 199 bakin gaɓa. Daga 200, wato 11.1, ciwon suga. Kwana uku kafin gwajin a ci abinci yadda aka saba, domin wanda ya ƙaurace wa tuwo da shinkafa don ya burge likita, sakamakonsa muni yake ƙarawa.

Amfaninsa shi ne a jikin mutane da yawa sugan bayan cin abinci ne ke fara lalacewa, tun na safe yana nan daram. Irin waɗannan gwajin safe ba ya ganinsu.

Ga mai juna biyu kuwa babu zaɓi, wannan ne nata. Ana yin sa tsakanin mako na 24 da na 28, kuma iyakokin sun fi tsauri. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013, 92 kafin sha, ko 180 bayan awa ɗaya, ko 153 bayan awa biyu, ɗaya daga ciki ya isa a ce akwai sugan juna biyu. 'Yar'uwa, in kin taɓa haihuwar jariri mai nauyin kilo 4 ko fiye, ko kin taɓa haihuwar ɗa ba rai ba a gano dalili ba, ki nemi wannan gwajin da bakinki a wajen awo. Duba fitsarin da ake yi ba ya maye gurbinsa. Kuma ko sugan ya sauka bayan haihuwa, haɗarin kamuwa da ciwon daga baya ya ninka na sauran mata, sai a ci gaba da dubawa.

Me bakin gaɓa ke nufi?

Ba ciwo ba ne, ba kuma lafiya ba ce. A ƙiyasin masana, cikin mutum 100 da ke wannan matsayi, 5 zuwa 10 ne ke tsallakawa zuwa ciwon a kowace shekara, wasu kuma na komawa daidai. Mai 123 ya fi mai 102 kusa, kuma wanda gwaje-gwaje biyu suka nuna shi a bakin gaɓa ya fi wanda ɗaya ya nuna. Babban binciken Amurka da aka fitar a 2002 ya raba irin waɗannan mutane gida-gida. Waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiya mai ƙarfi ta minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58. Waɗanda aka ba maganin suga metformin, nasu ya ragu da kashi 31. Ga mai kilo 90, maganar kilo 6 da ɗoriya ake yi, da tafiyar rabin awa sau biyar a mako. A Finlan ma an sami wannan kashi 58 ɗin a 2001.

Lambar ba ita kaɗai ake karantawa ba. A haɗa ta da shekaru, da ciwon a wajen uwa ko uba ko 'yan'uwa, da hawan jini, da faɗin ƙugu: santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, su ne iyakar da IDF ta ba da. Kuma kada siriri ya ce ya tsira, a Afirka ana samun ciwon a jikin marasa ƙiba fiye da yadda ake zato.

To wanne za a zaɓa?

Wanda ya kai shekara 35, ko bai kai ba amma yana da ƙiba tare da gadon ciwon ko hawan jini, kuma ba ya jin wata alamar ciwon, ya fara da gwajin safe na jijiya a ɗakin gwajin da ke auna jini da wuri. Ya fi HbA1c araha, ana samunsa a ƙananan asibitoci, kuma ba ruwansa da sikila ko ƙarancin jini. In ya fito ƙasa da 100, a sake bayan shekara uku. In ya faɗa tsakanin 100 da 125, nan ne ƙarin kuɗi ke da amfani: mai AA da jininsa ke cike ya ƙara da HbA1c, mai AS ko AC ko mai ƙarancin jini ya daure ya sha ruwan gulukos. Daga nan kuma duba na shekara-shekara ne.

Wanda aka riga aka tabbatar masa da ciwon, lissafinsa daban. Shi ne na'urar hannu ta dace da shi, kuma galibi ana so ya tsaya tsakanin 80 da 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 awa biyu bayan ci, HbA1c kuma ƙasa da 7, ana dubawa duk wata uku zuwa shida. Ga tsofaffi likita kan sassauta. Ƙasa da 70 faɗuwar suga ce, a sha abu mai zaƙi nan take. In yana azumin Ramadan, shawarar likitocin da suka tsara ƙa'idar azumin masu suga tare da malamai ita ce ya karya in ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300.

Wani lokaci gwaje-gwaje biyu kan yi saɓani, misali na safe ya ce 131, HbA1c ya ce 6.1. Ba a zaɓar wanda ya fi daɗi. Ƙa'ida ita ce a maimaita wanda ya haura iyaka, in ya sake haurawa an tabbatar da ciwon ko da ɗayan bai yarda ba. In kuma tazarar ta yi yawa, kamar na safe 160 amma HbA1c 5.4, sai a binciki jinin kansa: a duba jinsinsa da yawansa, a tambayi mutum ko ya yi zazzaɓi mai tsanani ko an yi masa ƙarin jini a 'yan watannin nan.